Ramukan Ƙusa

Shekara talatin da ɗaya Bardhyl na rataye zane
a wani gidan tarihi a Tirana.
Guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki,
shi ya sa bai cika magana ba.

Wata Talata 'yan jam'iyya suka zo da takarda,
suka tsaya gaban zanen Vjollca:
mace zaune tana ɓare lemo,
inuwarta shuɗiya.
"Inuwa ba ta shuɗi," in ji mai tabarau.
"Kuma don me take zaune
alhali ƙasa na tsaye?"

Kafin duhu Bardhyl ya sauke ta,
ya kai ta ɗakin ƙasa, fuska ga bango.
A gurbinta ya ɗora maƙeri mai damtse kamar turmi.
'Yan makaranta suka zo layi-layi,
suka rubuta: haka mutanenmu ke zane.

Aka yi ruwa, aka ɗauke.
Gunkin dandali ya sha ƙasa.
Sababbin manya suka zo, su ma da takarda.
Maƙeri ya sauka, mai lemo ta hau,
danshi ya cinye rabin hannunta.
Vjollca ba ta gani ba, kabarinta ya yi ciyawa.
'Yan makaranta suka sake buɗe littafi.

Bardhyl dai, in an kashe fitilu,
yakan shafa farin fenti da tafin hannu
yana lalubar ramukan da aka toshe.
Nan akwai wani. Nan ma.
Wannan kuwa,
ko shi ya manta wa ya sauke.