Jirgin Laraba

Kakana Mijinyawa shi ke kunna fitilun layin dogo
a tashar Zariya, zamanin da auduga ke sarauta.
Shi ya ba ni labarin wani Baturen Ailan
da leburori suka laƙaba wa Jan Kunne,
don rana ba ta taɓa raga wa kunnuwansa ba.

Ƙanne biyu ya baro a gida.
Nono ɗaya suka sha, tare suka kori baƙo,
baƙo na ba da baya
sai suka auna juna da bakin bindiga
a kan takarda guda.
Wannan ya ce sa hannu numfasawa ce,
wancan ya ce sayar da gida ne.

Duk Laraba jirgin Ikko kan sauke masa jarida
wadda ta tsufa a hanya, tana warin teku.
Sai ya hau dilar auduga ya zauna,
yana bin layi da ɗan yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Sun zauna," in ji shi da Hausarsa mai ɗingishi.
"Limamai sun shiga tsakani.
Gardamar da ta rage, ina za a tara makamai,
kuma mabuɗin ɗakin a aljihun wa zai kwana."

Kakana na goge ƙwan fitila, ya ce,
"Mu nan, in 'yan ɗaki ɗaya sun ɓata kan iyakar gona,
ba a tonon wa ya fara.
Bini-da-zugu ake dasawa a tsakani,
kowa ya ba shi ruwa ta gefensa."
Bature ya yi yaƙe, ya ninke jarida.

Da damina ta kankama, Kubanni ta cika ta batse,
sai ga wasiƙa da rubutun tsohuwarsa.
An daina harbi.
Ba kiɗa, ba guɗa, ba wanda ya ce shi ya ci.
Ɗaya ya dawo gida da ƙafarsa.
Ɗayan, saura kwana tara a tsagaita,
aka tsince shi a bakin rafi.

Daren nan Jan Kunne bai koma bariki ba.
Ya bi kakana fitila bayan fitila,
riƙe da galan ɗin kananzir,
har duhu ya haɗiye Kufena,
ba wanda ya ce uffan.

Tun daga ranar, in aka ce manya sun zauna sulhu,
kakana ba ya tambayar me suka tattauna.
Yakan ce, kwana nawa za su ɗauka,
kuma ɗan wa zai biya kuɗin jinkirin?