Homar Haske

Tumba ta dawo daga Aliero da bututu a cikin kwali.
Na zaci na injin ban-ruwa ne,
har na soma murna, nawa ya tsage tun shekaranjiya.
Ta ce, "Kaka, wannan ba ya jan ruwa,
haske yake ja."

Bayan lisha muka gangara bakin Matan Fada.
Ta kafa masa ƙafa uku kamar murhu,
ta sa na runtse ido ɗaya,
ni da na shekara sittin ina buɗe biyu a kan ruwan nan.

Wata na fara gani. Wayyo wata!
Ashe fuskarsa duk rami ce,
kamar fadamar da shanu suka taka da danshi ta bushe.
Na ce rufa masa asiri, jika,
shekara nawa yana haska mu ba mu biya ba?

Ta juya bututun: ga wani da zobe a karkace,
kamar faifai a bakin ƙwarya.
Ga wani da 'ya'ya huɗu a jere,
gobe war haka, in ji ta, sun sauya wurin zama.

Sai na nemi Kaza da 'ya'yanta,
wadda ubana Arzika ke duba kafin ya yi zancen damina.
Shida na sani, bakwai in ido ya yi kyau.
A cikin bututun sai ga su kamar an watsa tsaba.
Ta ce, "Hasken da ya shiga idonka yanzu
ya baro gida tun ana hura wuta a Surame,
shekara ɗari huɗu da ɗoriya bai yada zango ba."
Na ce baƙo irin wannan ya ci a dama masa fura.

Nata, in ji ta, homar yara ce.
Manyan suna kan duwatsun da hadari bai cika hawa ba,
ɗaya an harba shi can bayan wata,
madubinsa shafe da zinariya,
yana kamo tsohon hasken da doguwar tafiya ta mayar ja.
Da su aka gano taurari garke-garke ne,
kowane garke ya fi ƙarfin ƙidaya,
kuma garkunan nesa suke yi da juna,
sarari na ta buɗewa
kamar birgin da aka watsa bai taɓa ruwa ba tukuna.

An gano duniyoyi dubbai masu kewaya wasu ranaku.
Galibi ba a gan su ba,
an dai ga ranarsu ta ɗan dushe sa'ad da suka gifta.
Nan na tuntsure da dariya. Ai wannan sana'armu ce!
Wa ke ganin giwan ruwa kafin ya kama?
Motsin ruwa muke karantawa.

Sannan ta ce akwai baƙin rami
mai haɗiye komai, har haske ba ya fita.
Na ce na san shi.
Gurbin da ya ci ƙanena Nomau ne, shekarar babbar ambaliya:
ruwa na juyi a bakinsa, cikinsa tsit.
Ta yi shiru. Na yi shiru.
Kwaɗi suka karɓi hira.

Can ta ce, a hankali, ba ta dube ni ba,
"Wani tauraron kan mutu, Kaka,
haskensa bai daina zuwa ba."

Ban tanka ba. Na nemi goro a aljihu.
Na tambaya ko can ma akwai gulbi.
Ta ce an ga alamar tururi, sauran ba a sani ba.
To, in akwai ruwa, ba a rasa wani tsoho a gaɓa,
yana lissafin kuɗin sabon bututu.

Gamzaki ya fito. Ladan ya gyara murya a cikin gari.
Tumba na naɗe homarta,
na durƙusa na kamfaci gulbi a tafi,
taurari uku suka biyo ruwan.
Na ce tsarki ya tabbata ga Mai wannan garke,
na wanke fuska da su.