Minti Uku

Bene na biyu, kotun haya, Milwaukee.
Ƙanƙara na narkewa daga takalmanmu.
Mu sittin ne a kan benci,
lauyoyi biyar, duk na masu gida.

Odessa Pruitt ta zo da rasit a ledar burodi,
da hoton rufin da ke yoyo kan gadon jikanta.
Aikin gidan tsofaffi ta baro,
yinin yau ba mai biyan ta.

Alƙali bai ɗaga kai ba.
"Kin biya na Fabrairu?"
"Ranka ya daɗe, tun kaka bututun ɗumi ya..."
"E ko a'a?"

Na duba agogo: minti uku.
Shayin da ke hannuna ko hucewa bai yi ba.

Can sama da tuta an sassaƙa
wai kowa daidai yake a gaban doka.
Sai ka ɗaga wuya kafin ka karanta.

Kakanta, in ji ta, daga gonar auduga aka kore shi,
da baki kawai, da dare.
Ita an ba ta takarda, har da hatimi,
da 'yan kwanaki ta kwashe.

Ta ninke ta huɗu, ta tura a ledar.
Sai akawu ya kira sunana.