Tafin Ƙafa

A zauren taro na Kongo shinkafa na tururi,
Dakta Asabe ta haska hoto a bango:
"Wannan tabon, yanzu muna kama shi da wuri."
Aka ɗau tafi.

Na san shi.
Shi ne a tafin ƙafar Inna Ladidi,
baƙi wuluk kamar ƙwallon tsamiya.
Ta ce kaushi ne, ta shafa man kaɗanya,
ta koma Tudun Wada da daddawarta.
Kafin mu kai ta Shika
daji ya cinye gona.
Ta tafi.

Ana shelar gudummawa, wane miliyan guda.
Ni na saɓule takalmi a ƙarƙashin tebur,
ina laluben ƙafata.
Na kusa da ni ya ce, "Malam, miyarka ta huce."