Fenti na Huɗu

Ruwan Temuco bai san gajiya ba,
kwana tara yana dukan kwanon gareji.
Babana Evaristo ya liƙe gilasai da tsofaffin jaridu,
ya ɗaure hanci da ƙyalle.
Ni ce mai riƙon fitila.

Samfefa ta cinye ja, sai ga kore,
ta cinye kore, sai ga fari,
farin da ya ɗauko ni daga asibiti
ina kwana biyu a duniya.

A ƙofar hagu ya dakata.
Lotsewar da Mama ta bari ce,
ran da take koyon ribas.
Ya shafa wurin da tafin hannu,
ya mayar da kwaɓin ciko gwangwani.

Sai feshi.
Hannu ya je, ya dawo, ya je,
shuɗi ya kwanta sharkaf,
warinsa har kicin.

Can wani ɗan ƙwaro ya faɗo,
ya maƙale tsakiyar bonet.
Na miƙa yatsa.
"Kul, Ximena. Taɓa ɗanye ɓarna ne."

Muka zauna kan tayoyi,
ƙoƙon mate ɗaya tsakaninmu.
Ƙwaron ya daina motsi.
Ruwa bai daina ba.