Ɗakin Kurum

Shekara talatin ina dukanci a Birni.
Fatar damo nawa ta bi ta bakin wuƙata,
ban ƙirga ba.
Na ɗinka alabe, na ɗinka kube,
ban taɓa tambaya ko mai rigar yana jin sanyi ba.

Ran Alhamis a Kasuwar Dole
wani maharbi daga Mirya ya kwance bakin buhu,
ya ce, "Zaneidu, ga hajarka, sai dai da ranta."
An ɗaure masa ƙugu da igiyar kaba.
Ya dube ni, bai roƙa ba.
Jaka biyu na biya,
na taho gida, wuƙa na barci a aljihu.

Tsahara ta ce, "Na ɗora tukunya?"
Na ce baƙo ne.
Ta ce, "Baƙon da ba ya sallama."
Tun ranar sunansa Kurum.

Bayan madafa, inda hantsi ke fara sauka,
na auna taku takwas a tsaye, huɗu a kwance,
na jera tubali har ƙirjina,
na shafe shi sumul, kada farce ya sami tsani.
Jikana Mutari ya turo baro tara na jar ƙasa da rairayi,
zurfin kamu biyu,
don mai haƙa ba ya kwana a kan daɓe.
Randar da ta fashe bara, na kife ta,
ta zama ɗaki mai ƙofa ɗaya.
Raga a sama saboda shaho da duwatsun yara.
Daro na ruwa a kusurwa,
a garin da famfo ke yin kwana huɗu bai yi tari ba.
Tsahara na ƙirga kowace jarka da ido.

Sai ɗari ya shigo.
Wata asuba na same shi a sandare,
kamar fatar da na kafe da ƙusa a rana,
gabana ya faɗi.
Ashe damo ba shi da murhu a ciki,
aron wuta yake yi kullum.

Na hau dutsen bayan unguwa, na sauko da falale baƙi,
na rataye ƙwan lantarki a samansa.
Ma'aunina bayan hannu:
in na kasa daurewa, ya yi kusa,
in ban ji komai ba, ya yi nisa.
Sau biyar ina ɗaga waya ina saukewa.
Gefe guda zafi, gefe guda inuwa,
shi ya san wanda yake so.

Dare na uku aka ɗauke wuta.
Na tsaya a tsakar gida da kasko,
garwashi zai ƙona, hayaƙi zai shaƙe,
na rasa ta yi.
Sai ga Tsahara da tocila a baki,
ta tono tubali biyu daga tokar murhunta,
ta naɗe su a buhu, ta jingina da randa.
Ta ce, "Haka na yi wa Mutari da aka haife shi bakwaini.
Matsa, kana tare mini haske."

Da hantsi ya fito ya baje a kan falale,
harshe na fita yana ɗanɗana iska.
Ya ci fara shida,
cikin wadda ta ware kafin ta sa gishiri.

Na tsuguna ina kallon zanen bayansa,
sai na kama idona yana awo:
nan alabe biyu, nan kube ɗaya,
wutsiya ta isa ɗamarar agogo.
Na kau da kai.
Shi ko motsi bai yi ba.
An ce sarkin haƙuri ne,
ni dai ina jin ya san sana'ata.