Famfon Sama

Shekara tara ina sayar da katin waya
a bakin kwalbatin Aboabo, ƙarƙashin laima ruwan ƙwai.
Na san mai sayen na sidi biyu ya ce in rubuta,
na san mai kankarewa da makulli tana bismilla.

Mutanen kamfani sau ɗaya suka zo,
da hular kwano da igiyar awo.
Suka leƙa lungunmu, inda keke biyu ba sa gifta juna,
suka ce wayarsu ba ta iya wannan lanƙwasa,
ta fi sabo da Ahodwo, inda kowane gida ke da lamba.
Ta bi ƙarƙashin titi ta wuce mu ko sallama babu.

Sai majalisar birni ta aiko Ofori da tsani.
Ya hau turken fitila na gaban shagon Gariba tela,
ya ɗaure wani farin akwati, bai fi kwanon sha ba.
Na ce, nawa?
Ya ce, ai kun biya tuntuni,
ina tikitin rumfa da ake yagar maka kowace safiya?

Kakata ta ce ranar da famfo ya iso zango
'yan ga-ruwa sun zauna kan garewaninsu
suna kallon mata na tara bokiti.
Yau ni ne ɗan ga-ruwa.

Bayan isha'i gindin turken ya zama dandali.
Adiza mai koyon jinya ta baje littafi a kan turmi,
Mutala na aika hoton takalman da ya ɗinka zuwa Takoradi,
Baba Inusa, wanda ya rantse abin na aljanu ne,
ya fi kowa matsowa, yana jiran tafsiri ya buɗe.

Ba zan yi masa kirarin ƙarya ba.
Iyakarsa katangar masallaci,
taku ɗaya ka ƙara, ya sake ka.
In hadarin Kumasi ya haɗo sai ya kama in'ina,
in aka ɗauke wuta mu da shi duk makafi.
Ran da ya mutu kwana shida, mun je ofis mu goma sha ɗaya,
muka tarar da wanda za mu yi wa faɗa a kan kujerarsa.
Kamfani kuwa, wa ya taɓa ganin fuskarsa?

Ciniki ya faɗi, ba na musu.
Na kawo benci biyu da tukunyar shayi,
ina cajin waya a kan sidi ɗaya.

Jiya Ramatu ta kira daga Yamai
ta ɗaga mini jaririn da ban taɓa ɗauka ba.
Ya buɗe baki zai yi hamma, hoton ya tsaya cak.
Na ɗaga wayar sama, wajen akwatin,
kamar mai tarar ruwan indararo,
har ya ƙarasa hammarsa.